Hanya Mafi Kusa Zuwa Zangon Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni a teburin mai shayin bakin layin dogo, nan Agege, tambayarsa ɗaya ce: wai na'urar nuna hanyar nan da na saya tana aiki da gaske? Wasu saye suke son yi, wasu kuma rabin labari suka ji suna neman ciko. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Ba yawon shaƙatawa na je ba. Abokina Habibu ne ya rasu, maƙwabcina ƙofa da ƙofa. Ciwon ciki na kwana biyu, aka kai shi asibiti, sai gawa. Muka binne shi a nan Agege. Shi haifaffen Zangon Kwatano ne, can mahaifiyarsa take, tsohuwa mai hawan jini, kuma shi ne ɗanta na fari. Manya suka zauna bayan jana'iza suka yanke cewa ba za a gaya mata ta waya ba. Sai wanda ya ga an sa shi a ƙasa ya je da ƙafarsa, a fara sauka gidan limamin unguwarsu, shi ya shige gaba, a zaunar da ita a ɗaki cikin mata, sannan a faɗa. Aka kira liman aka roƙe shi ya riƙe bakin mutane har mu iso. A zamanin da kowa ke da waya a aljihu, wannan ba ƙaramin roƙo ba ne.

Aka zaɓi Alhaji Ɗanjuma, ƙanen mahaifin Habibu, wanda ya tsufa a cinikin goro a Agege. Ni kuma aka ce in tuƙa shi. Matar mamacin, Hajara, tana cikin takaba ta aiko min da makullin motarsa, wai motar ce ke da takardun tsallaka iyaka, tun da da ita yake zuwa sarin atamfa. Wata tsohuwar mota ce ruwan toka, ƙofarta ta baya ɗaya ja ce, an canza ta bayan wani danfo, motar hayar nan ta Legas, ya goge shi a Oshodi, bai kuma taɓa sake mata fenti ba.

Matsalar ita ce ni ban taɓa wuce Badagry ba. Alhaji kuwa rabonsa da Kwatano tun ana hawa jirgin ƙasa daga Agege zuwa Kano ba tare da fargaba ba, ga yanar ido ta fara kama shi. Na ce zan bi taswirar waya, sai aka tuna min layinmu yana tsallaka iyaka yake ɗaukewa. Wani direban tirela a Ketu ya ce in nemi ƙaramar na'urar da ake mannawa a gilashin mota, ita ba ruwanta da layi, da tauraron ɗan'adam take magana.

Washegari da safe na shiga kasuwar wayoyi ta Ikeja. Shago biyar na shiga ana yi min dariya, wai wannan ai kayan tarihi ne. A ƙarshe aka nuna min wani ɗan Ibo a can bayan layin masu gyara, ya jawo wani kwali mai ƙura ya zube min guda uku. Ɗaya babba ce mai kyan fuska, amma da muka duba taswirarta a Badagry duniya ta ƙare, bayan nan fari fat. Ta biyu tana da taswirar ƙasashen yamma duka, sai dai Jamusanci kawai take ji, ni da shi muka danna iya dannawa ta ƙi sauyawa. Ta uku ’yar ƙarama ce kamar tafin hannu, gefenta a tsage, amma tana da ƙasar Benin, inda Kwatano take, tana Turanci, batirinta na riƙe wuta. Ya ce a cikin shago ba za ta kama ba sai ta ga sama. Muka fito tsakiyar titi ya ɗaga ta da hannu biyu kamar mai roƙon ruwa, masu okada suna zaginmu, har ta nuna ɗigon da ya ce mu ne.

Ya nuna min yadda ake lasar robar a manna a gilashi, da yadda ake jona wayarta a ramin kunna sigari. Surukin liman ya turo min wasu dogayen lambobi, wai su ne gidan liman a wurin tauraro, ya shigar min da su. Sannan ya ce, “Aboki, saura abu ɗaya. Wacce kake so ta riƙa zaɓar maka, hanya mafi sauri ko hanya mafi kusa?”

Na ce meye bambancinsu. Ya ce mafi sauri manyan tituna take bi ko da zagaye ne, mafi kusa kuwa duk inda mota za ta iya kutsawa nan za ta kai ka. Na tuna tsadar mai, na kuma tuna cewa a Legas babu wani abu wai shi sauri. Na ce ya sa mafi kusa.

Alhaji ya shiga mota ya ga abin a manne, ya matso da fuskarsa dab da shi ya ce, “Sabi'u, wannan kuma fa?”

Na ce, “Ita za ta nuna mana hanya, Baba Alhaji.”

Ya ce, “Bakin mutane ya ƙare ne?”

Kafin in ba shi amsa muryar mace ta fito ta ce in karya hagu. Tun daga lokacin ya raɗa mata suna Baturiya.

Rigimarsu ta farko tun ba mu bar Agege ba. Alhaji ya ce a bi ta Oshodi a faɗa Mile 2, haka ake zuwa Badagry tun yana saurayi. Baturiya ta ce Iyana Ipaja. Na bi Baturiya, ya juya fuska waje ya ciro carbi. Ta ratsa da mu Egbeda, ta cusa mu wani lungu a Igando inda muka tarar an kafa rumfuna an rufe layi ɗungurungum, Yarbawa na bikin binne wani tsoho, mata sun sha anko, ana ta kiɗa. Wata mata ta leƙo ta taga ta miƙo mana ruwan leda biyu da faranti mai hoton mamacin, ta nuna mana inda za mu juya. Alhaji ya daɗe yana kallon farantin. Ya ce su nasu mamacin da kiɗa suke sanar da shi, mu namu ga shi muna ɗauke da shi a ciki kamar kayan sata. Na juya mota, Baturiya ba ta ce uffan ba, ta sake lissafi ta fitar da wata hanya.

A Agbara muka tsaya azahar. Wani direba da ya biyo ta Mile 2 ya ce tun hantsi tankar mai ta faɗi a can, shi ma da ƙyar ya fita, waɗanda ke bayansa sai dai su kwana.  Da muka koma mota Alhaji ya ɗan gyara zama ya dubi Baturiya ya ce, “Tana da haƙuri dai. Ka saɓa mata ba ta ko ɗaga murya ba.”

Daga Agbara zuwa Seme, garin bakin boda, shingaye ne ba iyaka, masu kaki kala-kala, kowa da abin da yake son gani. Baturiya ba ta san da su ba, sai ta riƙa cewa saura kaza mu isa, lokacin yana ta ja da baya. A wani shinge wani ya ce kyamara ce nake ɗaukarsu da ita, sai da na ciro ta na sa ta yi magana. Ya kira abokansa suka taru suna saurare, ɗaya ya ce in tambaye ta hanyar garinsu. A wani wurin kuma rana ta gasa gilashi robar ta saki, na'urar ta faɗo kan cinyar Alhaji tana cewa a miƙe. Ya ɗauke ta da hannu biyu, ya goge ta da bakin rigarsa, ya riƙe min ita har muka isa iyaka.

A iyaka ne tafiya ta tsaya. Jami'in da ke duba takardun mota ya karanta suna, ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya ce ina mai motar. Na ce ya rasu. Ya yi mana ta'aziyya da ladabi, sannan ya ce ba zai bar motar mamaci ta fita ƙasa a hannun wani ba sai da shaidar asibiti da yardar iyali, kuma wanda zai sa hannu ya tashi, sai gobe. Gaskiyarsa ce, ban ga laifinsa ba. Na kira wan Hajara ya ce zai aiko da takardun ta hannun direban motar farko ta asuba. Damuwata ɗaya, kowane dare da ya ƙaru, bakin mutanen Zango yana ƙara nauyi a hannun liman.

Na fara danna Baturiya ko za ta nuna mana masauki. Ta jero sunayen otal-otal. Alhaji ya ce in ajiye, wannan ba aikinta ba ne. Ya taka zuwa layin ’yan canji, ya yi sallama ga wani dogon mutum mai rawani, ya tambaye shi mutumin ina ne. Ya ce Gaya, ta Nijar. Ɗan wa? Jikan wa? Ban gama shan ruwan da aka miƙo min ba sai ga shi an gano kakan mutumin ya taɓa sauka a gidan goron su Alhaji. Sunansa Malam Isufu. Ya bar mana motar a wurin maigadin da ya sani, ya tsallaka da mu da ƙafa zuwa ɗakinsa da ke ɗaya ɓangaren.

Ɗakin bayan shago ne, tabarma biyu da fanka mai ƙara, buhunan shinkafa jere a bango. Matarsa ta aiko da wani farin tuwon masara mai tsami naɗe a ganye, kamar agidin Yarbawa amma ya fi shi ƙarfi, da soyayyen kifi da dakakken barkono. Da safe kuma dogon burodin nan nasu mai ɓawo, wanda in ka gutsura sai ya zube maka a riga, da shayin da aka cika wa madara mai kauri har cokali na neman tsayawa. Alhaji da haƙoransa suka yi saura kaɗan sai da ya jiƙa nasa ya yi laushi. Malam Isufu Hausarsa cike take da Faransanci, ɗan sanda jandarma ne, kowane jami'i mushe ne, wato ranka ya daɗe da Faransanci. Shi kuma dariya yake in na ce oga.

A wayarsa muka kira liman. Muryar dattijo ce, a hankali yake magana. Ya ce har yanzu ba ta ji ba, amma mata sun fara kallon juna, mu yi ƙoƙari. Sannan ya ce, “In kun iso babban shataletalen bakin Zango, ku tsaya ku tambayi kowane mai shayi ko mai babur gidana. Za a kawo ku.”

Alhaji ya ce, “To, Allah gafarta Malam.” Da ya miƙa wayar ya dube ni ya ce, “Bai san muna da Baturiya ba.”

A ɗakin nan kafin barci Alhaji ya ɗan yi maganar tsohuwar. Yaya yake ce mata, matar wansa ce. Ya ce bai taɓa ganin mace mai alkunyar ɗan fari irinta ba. Tun da ta haifi Habibu sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, yana ƙarami “yaron nan” ne, da ya koma Legas ya zama “na Ikko”. Ni ma na san wannan. Ta taɓa zuwa Agege sunan ’yarsa, ta yi mako guda, in ya shigo gaishe ta bango take kallo tana amsawa. Habibu da kansa ya sha ba ni labari yana dariya, wai duk zuwansa a ƙofarta yake fara tsayawa, inda take suyar ƙosai, ya danna hon sau biyu. Ba ta ɗagowa. Sai dai ya ga ta ƙara ƙullu a mai, ya san nasa ne.

Takardu suka iso da sassafe, aka sa hannu, muka wuce. Titin daga iyaka zuwa Kwatano shimfiɗaɗɗe ne, ga teku can hagu tana leƙowa ta tsakanin bishiyoyin kwakwa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina masu babur ne. Su zemi suke ce musu, kowa da rigarsa ruwan ɗorawa mai lamba a baya, kuma an ware musu nasu layin a gefen titi, suna bi. Na yi tunanin a kawo ’yan okadanmu na Agege a ce su bi layi. Fetur kuma a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin hanya, mata ne ma suka fi yawa a sana'ar. Ba a cika danna hon ba, har na riƙa jin kunyar hannuna. Baturiya tana ta kiran sunayen titunan Faransanci da bakin Turanci, amma ba ta ɓata ko sau ɗaya ba. Ta haye da mu gada, ta wuce da mu gefen babbar kasuwarsu. Alhaji ya ce duk wuraren nan da ya sani an rushe, da shi kaɗai ne da ya ɓata.

Da hantsi muka iso shataletalen da liman ya faɗa. Muna shiga na ga wani mai shayi ya miƙe tsaye da sauri yana ɗaga mana hannu. Wani mai zemi kuma ya tayar da babur ya biyo mu yana hon, yana nuna mana dama. Duk wanda ya yi tuƙi a Legas ya san abin da ake yi in baƙon fuska ya biyo mota yana ɗaga hannu: ka ɗaga gilashi ka ƙara wuta. Haka na yi ba tare da na yi tunani ba. Na ce, “Baba Alhaji, ko mu tsaya mu tambaya kamar yadda Malam ya ce?”

Ya ce, “Sun ga lambar Legas ne, ciniki suke nema. Me Baturiya ta ce?”

Baturiya ta ce hagu, saura kaɗan.

Hagun wani siririn layi ne, mota ɗaya ke iya bi, kwata a gefe, teburan masu kilishi da masu tireda sun ci rabin hanya. Na rage gudu kamar mai tafiya da ƙafa. Babura suka taru a bayana. Mun yi rabin layin sai Alhaji ya kama hannuna da ke kan giya, ya ce a hankali, “Yaya ce.”

Tana zaune a kan kujera ’yar tsugunno a ƙofar wani gida mai koren ƙyaure, kasko a gabanta man yana tafasa, yara biyu da kwanoni suna jira. Na ga lokacin da idonta ya sauka a kan jar ƙofar motar. Nan take ta kau da kai, ta juya wa titi ƙeya, ta ɗebo ƙullu ta fara sakawa a mai, ɗaya bayan ɗaya, fiye da abin da yaran nan za su saya.

Baya ba ta komuwa. In na tsaya, a titi za ta ji, gaban kaskon mai, babu liman babu mace ko ɗaya a kusa da ita. Na dubi Alhaji. Ya sunkuyar da kai ƙasa yadda ba za a gan shi ta taga ba, ya ce, “Wuce.”

Na wuce. Muna daidai ƙofarta Baturiya ta ce a miƙe, sannan a karya dama. A madubi na ga ta ɗago, matsamin ƙosai a hannunta, tana bin bayan motar da kallo.

Gidan liman yana bayan layin, ko minti biyu ba mu yi ba. Baturiya ta ce mun iso. Muna fitowa mai zemin nan ya tsaya a bayanmu yana haki, ya ce wa liman, “Malam, na yi na yi, sun ƙi tsayawa. Ta layin Inna suka biyo.”

Liman bai yi faɗa ba. Ya ce tun shekaranjiya ya bi masu shayi da masu babur na bakin Zango ɗaya-ɗaya, ya gaya musu in mota mai lambar Legas da jar ƙofa ta tsaya tambaya, a zagayo da ita ta bayan masallaci, kada a kuskura a bi da ita ta ƙofar Inna, mahaifiyar Habibu. Mutane sun bar sana'arsu suna gadin hanya kwana biyu, jira kawai suke mu buɗe baki. Ya ce bai faɗa mana dalili a waya ba don bai taɓa zaton baƙo zai shigo Zango bai tambayi kowa ba. Ya sa takalmi ya ce mu tafi, zama bai gan mu ba.

Da ƙafa muka je, matar liman da wasu mata biyu suna biye. A ƙofar gida an sauke kasko, an kashe wuta da ruwa, ƙosan da ta saka na ƙarshe yana cikin man ya yi baƙi. Muka yi sallama. Tana tsakar gida a kan tabarma, ta yi alwala, ta yafa mayafi, ta kuma shimfiɗa wata tabarmar ta baƙi a gabanta. Ita kaɗai ta yi duk wannan.

Liman ya zauna ya fara da abin da ake farawa da shi, cewa rai da mutuwa na Allah ne. Ta bari ya kai aya. Sannan ta dubi Alhaji ta ce, “Ɗanjuma, motar nan ba ta taɓa wuce ƙofata ba. Yaushe ne?”

Alhaji ya faɗa mata. Ta yi salati, ta tambaya ko ya sha wahala, ko an samu jama'a, wa ya yi masa wanka. Na ce ni da limaminmu ne. Ta ce Allah ya yi min albarka. Ba ta faɗi ba, ba ta yi kururuwa ba, matan da aka kawo don su riƙe ta su ne suka riƙa kuka. Can ta ce wa ya nuna mana layinta. Alhaji ya rasa yadda zai yi bayani, ya ce wata na'ura ce a mota. Ta ce, “Baƙuwa ce ke nan. Ba ta sani ba.”

Abin da aka aiko mu mu hana shi ne ya faru. Duk tsarin da manya suka yi a Agege da wanda liman ya yi a Zango don kada ta ji ita kaɗai ne, kuma ita kaɗai ta ji, daga bayan mota. Wannan ya dame ni, har yau yana damuna.

Mun zauna har aka yi sadakar bakwai. A zauren liman muka sauka, kullum da safe koko, da rana shinkafa da wake da wani soyayyen cuku na Fulanin can, da yamma gidaje su yi ta aiko da kwanuka har mu rasa na buɗewa. Hausar Zango daban take, sun haɗa ta da Faransanci da yaren gari, amma zaman makoki iri ɗaya ne da namu. Mai shayin da ya ɗaga mana hannu ya zo ta'aziyya, na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya ji an ce a Legas ko gaisuwa ba a amsawa. Motar kuwa tana bayan masallaci, an lulluɓe ta da tampol don kada tsohuwar ta gani.

To masu tambaya, ga amsarku. Na'urar tana aiki. Ku duba tana da taswirar ƙasar da za ku, ku gwada ta a waje kafin ku biya, ku sayi roba ta biyu don rana na sakin ta. In an tambaye ku mafi sauri ko mafi kusa, ku san abin da kuke zaɓa. Na duba daga baya, da mafi sauri na ce, ta babban titi za ta bi da mu, ta bayan masallaci. Alhaji bai sake kiranta Baturiya ba, a hanyar dawowa ma cewa ya yi in rage mata murya.

Ranar da za mu taso mun je sallama da safe. Inna ta sa an haɗa ƙullin gari da man ja da kilishi na jikoki, da turmin atamfa na Hajara in ta fita takaba. Na ce bari in kira yara su kai bayan masallaci. Ta ce a'a, a kawo motar nan ƙofa, a nan ake loda mata kaya.

Na je na yaye tampol, na cire na'urar daga gilashi na jefa ta aljihun mota, na zagayo. Na tsaya daidai koren ƙyauren, na kashe inji, ban taɓa hon ba. Ta fito tana dafa bango, maƙwabta sun tsaya cirko-cirko. Wannan karon ba ta kau da kai ba. Ta kalli motar tun daga gaba har baya, ta zo ta ɗora tafin hannunta a kan jar ƙofar, ta daɗe a haka.

Ta ce, “Har yau Habibu bai yi mata fenti ba.”

Alhaji ya juya ya shiga mota da sauri ya rufe ƙofa. Sai da muka haye gada sannan ya yi magana, ya ce tun ranar da aka raɗa sunan nan, yana zaune a wurin, bai taɓa jin sa a bakinta ba sai yau.